Yashi a Babi na Huɗu

Zuwa ga aminina Malam Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa, ya yalwata maka makwanci. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Babu mai kai ta, kuma ko an samu mai kaiwa babu inda zai miƙa maka. Amma shekara ashirin da shida muka yi a ofis ɗaya, teburinka yana kallon nawa, duk abin da ya tsaya mani a rai kai nake ɗaga kai in faɗa wa. Yanzu in na ɗaga kai sai in ga kujera da tarin fayil ɗin wasu. Shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce na manta da ladabi. Wata bakwai ke nan da muka kai ka. Hajiya Binta ta fita takaba, lafiyarta ƙalau in ban da ciwon gwiwar nan da ka sani. Ɗiyarka Asma'u ta sauka, namiji, an sa mashi sunanka, suna ce mashi Abba. An gyara kwatar ƙofar gidanku ta Ƙofar Guga, wadda ka gaji da kai ƙorafi a kanta. Sai da ka tafi suka gyara. Damina ta yi kyau ga wasu. Ga wasu kuma ba ta yi ba, kuma wannan ita ce maganar da ta sa na zauna rubuta maka.

Kwas ɗinka na ɗa'ar kasuwanci da shugabanci ni aka ba. Ban nema ba. Shugaban sashe ya ce babu wanda ya san yadda kake koyar da shi kamar ni, tunda na sha zama a bayan ajinka. Na gaji handawut ɗinka, na gaji tiyoyin nan biyu da kake ajiyewa a kabad. Ranar farko na yi yadda kake yi. Na ɗora su kan tebur, na ce ɗalibai su gaya mani bambancinsu. Suka duba, suka ce iri ɗaya ne. Na cika ta farko da gero, na juye a ta biyu, gero ya zube a ƙasa, sannan na kifa ta na nuna masu gindin da aka bubbuga ya shige ciki. Sun yi dariya kamar yadda suke yi maka. Ni kuwa ji nake kamar na sa rigarka ba da izininka ba.

Komai ya tafi daidai har muka iso babi na huɗu. Ka san shi, kai ka rubuta shi. Babin Alhaji Isiyaku mai taki, wanda ka kafa wa ɗalibai misali da shi a kan ɗan kasuwa mai amana: yadda ya fara da awon taki a kasuwannin ƙauye, yadda ya taɓa mayar da tirela guda saboda buhunan ba su cika ba, yadda manoma ke karɓar kayansa ba tare da sun kwance bakin buhu ba. Shekaru kana kawo shi aji da kansa ya yi wa ɗalibai nasiha. Kuma a sitonsa na hanyar Batagarawa babban ɗanka Kabir yake aiki, shekara shida yanzu.

Ran wata Talata ina cikin karanta masu wannan babi sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu. Rabi'atu sunanta, tana zama kusa da taga, tun da aka fara zango ban taɓa jin muryarta ba. Ta miƙe, ta ce a yi mata afuwa, amma mutumin nan da ke cikin takarda shi ya kashe wa babanta masara. Ta ce bara a siton suka sayi takin kamfa, buhu a ɗinke da tambarinsa, suka zuba, masara ta yi ɗorawa ta tsaya iya gwiwa. Ta ce bana maƙwabtansu ne suka faɗa tarkon. Sai ta buɗe jaka ta fito da ƙullin taki a leda, ta zo ta ajiye a kan teburina, ta koma ta zauna.

Lawal, ba maganarta ce ta fara kaɗa ni ba. Fuskokin sauran ne. Ka san ajinmu, rabinsu 'ya'yan ƙauyukan kewaye ne, iyayensu manoma. Na duba su ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda zai yi mamaki, ban samu ba. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka kalli juna. Ashe duk makon da nake karanta masu babin, sun san abin da suka sani, suna rubuta abin da nake faɗa don jarabawa. Kai ma haka suke kallonka? Ka taɓa lura?

Na sa aka kawo ruwan leda da kofin gilashi daga ofis. Na zuba takin, na motsa da biro, muka jira. Abin da zai narke ya narke. Abin da ya kwanta a ƙasa ya kai kaurin yatsa biyu. Na tsiyaye ruwan na murza da yatsa. Yashi ne, an rina shi ya yi kalar taki. Ban san abin da na ce masu ba bayan nan. Na dai sallame su kafin lokaci.

Kada ka ɗauka nan take na yarda da ita. Ita na fara zargi. Na ce a raina wa ya aiko ta? 'Yan kasuwar taki ba sa ƙaunar juna, wani zai iya ba ɗaliba ƙullin yashi ya ce ta kai aji. Kuma me ya sa ta yi shiru bara, sai da ka mutu ta samu baki? Na kai sauran ƙullin wajen wani malamin sashen noma ban gaya mashi daga inda ya fito ba. Ya ce kowane taki yakan bar ɗan abin da ba ya narkewa, amma wannan ba shi ba ne, wannan yashin gulbi ne. Duk da haka ban gamsu ba. Ran Asabar na hau mashin na bi ta Batagarawa na wuce ƙauyensu, ban sanar da ita ba, don kada a shirya mani abin da zan gani.

Na iske mahaifinta a ƙofar gida yana gyaran amalanke. Dattijo ne mai sanyin magana. Da na gabatar da kaina, hankalinsa ya tashi, ya ɗauka ɗiyarsa ta yi laifin da za a kore ta. Da ƙyar na kwantar mashi da hankali. Ya shiga ya jawo ragowar rabin buhu na bara, wanda ya ce ya ajiye ne don bai san wa zai nuna wa ba. Na sa hannu har ƙasa na damƙo. Iri ɗaya ne da na leda. Na tambaye shi ko ya koma siton ya yi magana. Ya ce ya koma, aka haɗa shi da wani matashi dogo mai tabarau, mai ladabi ƙwarai, ya ba shi kujera, ya ba shi ruwa, sannan ya ce mashi wataƙila ajiya ce ba a yi da kyau ba, ko kuma wani ya sake ɗinke buhun a hanya. Dattijon ya ce yaron kirki ne, da gani ɗan mutunci ne, shi ya sa ma ya ji nauyin ja da shi.

Dogo mai tabarau. Ni na raka ka asibitin ido ranar da aka fara yanka wa Kabir tabarau yana aji uku. A hanyar dawowa sau biyu na tsaya gefen titi, ba don mashin ya lalace ba.

Daga nan zargin ya bar Rabi'atu ya dawo kanka. Ka yi haƙuri, amma gaskiya zan faɗa maka. Na shiga tuno abubuwan da na gani ban ba su ma'ana ba. Shekara biyun ƙarshe ba ka kawo Alhaji aji ba, ka ce harkoki sun yi mashi yawa. Ka daina hawa motar da Kabir ke aikowa ta ɗauke ka, ka koma kan tsohon mashin ɗinka, ka ce likita ya ce ka riƙa shan iska. Wane likita ne zai ce wa mai ciwon ƙirji ya hau mashin? Ragon da Alhaji ya aiko maka da babbar sallah, da ransa ka miƙa wa maƙwabcinka, ko tsoka ba ta shiga gidanka ba. Na yaba maka a lokacin, na ce Lawal akwai kyauta. Kyauta ce, ko ƙyama?

To in ƙyama ce, me ya sa babin ya zauna? Wannan ce tambayar da ta hana ni sukuni. Bara ni na duba tambayoyin jarabawarka kafin a buga. Ina tune da ta uku: kawo halaye biyar na shugaba mai amana daga rayuwar Alhaji Isiyaku. Ka sa 'ya'yan manoma sun zauna sun lissafo su, ka ba su maki, alhali gonakin iyayensu na can sun yi ɗorawa. Da wane hannu ka yi makin? Kai da ka taɓa kayar da ɗan babban mutum saboda ya kwafi sakin layi ɗaya, ka ƙi sauraron roƙon kowa har da nawa?

Na je wajen Hajiya Binta da sunan gaisuwa. Bayan mun gama gaisawa na kewaya, na kewaya, na tambaye ta ko wani abu ya taɓa shiga tsakaninka da Alhaji. Ta daɗe tana gyara mayafi. Sannan ta ce akwai wata rana da hantsi, damina biyu da suka wuce, ka tafi siton ba tare da ka sanar ba, za ka kai wa Kabir wani saƙo. Ka dawo ka zauna a zaure har la'asar, abinci ya huce a gabanka. Ta tambaye ka, ka ce zafi ne. Ta ce tun daga ranar, kai da Kabir sai gaisuwa. Da ta kai nan ta ɗago ta dube ni, irin kallon mai auna iya abin da mutum ya sani. Ta ce Malam Sabi'u, wanda ya tafi ya tafi, a bar shi ya huta. Na ce haka ne. Amma na fito ina ji a jikina ta san fiye da abin da ta faɗa, kuma ita ma ta gane ban zo gaisuwa kawai ba.

Kwana tara da maganar kofi shugaban sashe ya kira ni ofis. Kafin in zauna ya ce ya ji an mayar da ajin ɗa'a ɗakin gwajin taki. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Wa ya kai mashi? Tun ranar nake kallon ɗalibaina ina tambayar kaina wanene a cikinsu. Sannan ya ba ni albishir: Alhaji Isiyaku zai ɗauki nauyin lacca duk shekara da sunanka, zai kuma gyara babban ɗakin taro a sa mashi sunanka. Ni, a matsayina na amininka, ni zan gabatar da Alhaji a gaban ɗalibai. Na tambaye shi yaushe aka fara wannan magana. Ya ce tun ranar sadakar uku. In haka ne, me ya sa wata shida babu wanda ya ji, sai bayan ɗaliba ta ajiye leda a teburina? Da zan fita ya ƙara da cewa in ja kunnen yarinyar nan, ɓata sunan mutum ba wasa ba ne, kuma ita ce ke da jarabawa a gaba, ba Alhaji ba. Ya faɗe ta a hankali, kamar mai ba da shawara. Ni ban ji ta a matsayin shawara ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa maka ba, kuma saboda shi ne na daɗe ina jujjuya wannan takarda ban rubuta ba.

Ni na riga ka sani. Damina uku da suka wuce ƙanena Ilu, wanda ke noma a gida, ya zo Ƙofar Kaura ya same ni. Ya ce Yaya, takin mutumin nan naku akwai magana a cikinsa. Ya ce shi ya yi asara, wasu ma sun yi, tunda abokinka Malam Lawal na kusa da shi a gaya mashi. Na ce to. Washegari na zo ofis na same ka kana gyaran takardu, ka ɗago ka yi mani murmushi, na buɗe baki na tambaye ka ya jikin Hajiya.

Na gaya wa kaina ba ni da hujja. Na gaya wa kaina Ilu akwai son ɗora wa wani laifi in gona ta ƙi. Na gaya wa kaina ina tsare maka zuciya ne saboda Kabir. Duk akwai gaskiya a ciki, amma ba su ne tushen ba. Tushen shi ne ɗalibai suna ce maka Malam Amana, ni kuwa malamin dabarun talla ne kawai. Duk taron da aka yi kai ake nunawa. Ina son ka, Allah ya sani, amma akwai wani wuri a zuciyata da ya ji daɗi da na san gwarzon babinka ba abin da ka ɗauka ba ne. Na riƙe abin a raina kamar wani ɗan asiri. In ka dawo daga aji kana yabon Alhaji, sai in gyaɗa kai, a ciki ina cewa da ka sani. Shekara guda cur ina haka kafin kai ka je ka gani da idonka. Gonaki nawa aka zuba wa yashi a wannan shekarar?

Kuma akwai ranar da ka tambaye ni, haka kawai, muna shan fura a ofis, ya gonar Ilu. Ka tsare ni da ido. Na ce lafiya lau. Ka ce madalla, ka ci gaba da shan furarka. A lokacin ka riga ka je siton, yanzu na gane. To tambayata kake yi, ko gwada ni? Ka san na sani? Ko so kake in fara faɗa, don ka samu wanda za ka jingina da shi? In haka ne, na bar ka kai kaɗai, ina zaune taku biyu daga teburinka.

Na aika wa Kabir, ya zo gidana bayan la'asar. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Ban kewaya ba, na gaya mashi inda na je da abin da na damƙo. Bai musa ba, bai kuma amsa laifi ba. Ya ce Baba, ni ba na haɗawa, ni abin da ya shigo da abin da ya fita nake sa wa hannu. Ya ce a wani fili ake yi bayan siton, kuma sai shekarar da taki ya yi wuya. Na tambaye shi kai fa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce ka zo, ba ka same shi a gaba ba, ka zagaya baya. Ka tsaya bakin ƙofar filin, ka kalli tulin yashi, ka kalli masu shebur, ka kalle shi, ka juya. Ya ce har ka koma ga Allah ba ka ce mashi ko kalma ɗaya a kai ba, kuma da ka mare shi a gaban leburori da ya fi mashi sauƙi. Sai ya tambaye ni, in ya bar aikin yau, wa zai riƙe gidan, ga Hajiya, ga ƙannensa uku a makaranta. Ni da nake shiga aji ina koyar da yadda shugaba ke yanke shawara mai wuya, sai kawai na tashi na raka shi ƙofa. Na dai lura har ya tafi bai tambayi sunan ɗalibar ba. Ko dai bai damu ya sani ba, ko kuma ya riga ya sani.

Ga abin da na yi, ba yawa gare shi ba. Da farko na yi niyyar in ce ba ni da lafiya ranar laccar. Sai na ji kunyar kaina, na je na gaya wa shugaban sashe kai tsaye ba zan gabatar da Alhaji ba, ya nemi wani. Ya ce na ci amanar abota. Na cire babi na huɗu daga handawut, na gaya wa ɗalibai ba zai fito a jarabawa ba. Na ɗauki hoton duk takardun gwajin Rabi'atu na ajiye a gida, don in makinta ya sauya a hanya in sami abin nunawa. Mahaifinta da wasu manoma sun ce suna so su kai ƙara hukuma, na zauna na rubuta masu takardar da Turanci, na bar wurin sa hannu. Su suka dangwala yatsa. Ni ban sa sunana ba.

Ranar da na cire babin wani ɗalibi daga baya ya tambaye ni ko Malam Lawal ya sani. Na ce ban sani ba. A ajin ɗa'a, ina tsaye inda kake tsayawa, na yi masu ƙarya don in rufa maka asiri. Ban san ko kai na rufa wa ko kaina ba.

An yi laccar ran Alhamis. Na zauna a layin ƙarshe. An rataya hotonka, wanda ka sa hular nan ruwan toka. Da Alhaji ya miƙe, wasu ɗalibai suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya. Rabi'atu ba ta zo ba sam. Alhaji ya yi magana a kan amana, ya ce kai ka koya mashi darajar suna, sai ya yi hawaye. Lawal, na zuba ido sosai ina neman alamar wasa, ban gani ba. Hawayen gaske ne. Wannan ya fi komai rikita ni. Da aka tashi ya ratso mutane ya zo har inda nake, ya kama hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Ya yi mani ta'aziyya. Sannan ya ce ya Malam Ilu, ya gonarsa, a gaishe shi, in yana bukatar taki baɗi ya zo wajensa kai tsaye. Ban taɓa ambata mashi ina da ƙane ba, balle sunansa. A ina ya ji? Wajen Kabir? Wajen shugaban sashe? Ko wajenka?

Jiya Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kabir ya sake zuwa. Ya kawo mani kwafinka na handawut, mai shuɗin bango, wanda kake rubutu a gefen shafukansa da jan biro. Ya ce a cikin jakar da ka tafi da ita asibiti Hajiya ta same shi, ya ga ya dace ya zama a wajena. Ya kuma ce ya gaya wa Alhaji zai ajiye aiki bayan kaka. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ban sani ba ko ya faɗa ɗin, ko so yake in sassauta.

Da ya tafi na buɗe. Babi na uku ya ƙare, sai babi na biyar. An yage na huɗu gaba ɗaya, sai guntayen takarda a jikin ɗinki. Babu rubutu, babu bayani. Na fito tsakar gida inda haske yake na duba yagar da kyau. Shafi ɗaya bayan ɗaya aka yi ta, a karkace. Kai kuwa ban taɓa ganin ka yaga takarda ba tare da ka ɗora rula ba, har dariya nake maka. Sai na ce Kabir ne, ya ga abin da ka rubuta a gefe game da shi ya cire, ko kuma ya yage don in ɗauka ka tuba in bar maganar. Sai kuma na tuna yadda hannunka ke rawa a makonnin ƙarshe, ko kofi ba ka iya riƙewa, kuma babu mai tafiya asibiti da rula. Tun jiya nake kai da komo tsakanin waɗannan biyun.

Na zaɓi in ce kai ne. Ba ni da hujja, kuma ba zan tambayi Kabir ba, don duk amsar da ya ba ni ba zan yarda da ita ba. In kai ne, ka yafe mani zargin da na yi maka. In ba kai ba ne, abin da ke tsakanina da kai na yafe, don shirun da ka yi ni na fara yin sa. Sai dai masarar ba tawa ba ce, ba taka ba ce, kuma masu ita ba a tambaye su ba.

Gobe da safe zan koma ƙauyen. Takardar ƙarar tana hannun mahaifin Rabi'atu, Litinin za su kai. Zan sa sunana a ƙasan nasu, da sunan kwalejinmu, in rubuta abin da na gani a kofi da abin da na damƙo a buhu. In an kira ni aka tambaye ni wa ke sa hannu a siton, zan faɗa. Na gaya wa Kabir haka ta waya ɗazu, don kada ya ji a bakin wani. Ya ce to Baba, ya kashe. Ɗanka ne, a hannuna aka yi mashi huɗuba. Ban san ko za ka gode mani ba, ko za ka juya ka tafi ba ka ce komai ba.

Allah ya jiƙanka, Lawal. Ya yafe maka abin da na sani da wanda ban sani ba, ya yafe mani nawa, ya sa in mun haɗu mu iya kallon juna.

Sai na zo.

Naka, wanda ya zauna taku biyu daga teburinka,
Sabi'u